Hular da Na Zaɓa wa Baba Arzika

Bana ma, da watan sallah ya tsaya, a waya muka ji. Ina zaune bisa tabarma a ƙofar gida bayan magariba, 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, wai an ga wata," ta koma ciki da abin nan nata a hannu yana haska mata fuska. Shi ke nan. Unguwa ba ta motsa ba. Na daɗe zaune ina saurare ban san abin da nake jira ba, sai can na gane bindiga nake jira. A zamaninmu bindigar toka ce ke faɗa wa gari an ga wata. Ka ji ta yi dum daga wajen fada, mai nauyi, kamar an jefa turmi cikin rijiya, wata ta amsa daga can bakin gulbi, sai guɗa ta kece, yara su sheƙa wajen da hayaƙi ya tashi don su shaƙi warin albarushi. Tsofaffi kuwa ba sa tashi. Daga inda suke zaune suke cewa wannan ta wane ce, waccan ta wane ce, kuma yau wane ya cika ɗuri. Yanzu in an ji ƙarar bindiga ƙofa ake rufewa, a shiga tambayar wane ƙauye ne aka faɗa wa. Na yanzu suna ɓarin magana kamar mai faɗa, babu wanda ya san ta wane ce, babu wanda ke son ya sani.

Mahaifina ɗan koli ne a kasuwar Maradi. A bisa tebur allura ce da zare da kwaɗo da madubi da almeti, wato ashana, abin da kowane ɗan koli ke da shi. Amma ba don su ake zuwa wurinsa daga Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan kudu ba. A ƙarƙashin tebur akwai wani akwatin katako mai murfi biyu, a cikinsa albarushi yake, da dalma, da hula. Wanda bai taɓa riƙe bindigar toka ba zai ce mene ne haɗin bindiga da hula. Wata 'yar aba ce ta jan ƙarfe, ba ta kai ƙwayar wake ba, mai rami kamar 'yar ƙwarya, da ɗan magani a cikinta. In an ɗura albarushi ta baki an danna da maɗuri, sai a kifa ta bisa ɗan hancin da ke gefen bindiga. Kunama, wato ƙarfen da ake ɗanawa a saki, ta sare ta, ta tsartar da wuta ta cikin hancin, albarushi ya kama. In ba ta tashi ba, sanda ce kawai a hannunka, sanda ma mai nauyi. Babana yakan ce albarushi sarki ne, amma ba ya fita sai hula ta yi masa iso.

Tun ina tasowa nake ganin yadda yake zaɓenta, kuma har na yi aure ban gama gane abin ba. Yakan fara girgiza gwangwanin a kusa da kunne. Masu kyau suna da wata ƙara busassa, sar-sar, kamar gero a faifai. Waɗanda sanyi ya taɓa sukan yi magana a dushe. Sai ya zuba su a tafin hannu ya juya baya ga rana, ya riƙa leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara kore a gefe ya ware. Wadda maganinta ya tsage ko ya karkata gefe ɗaya ya ware. Ya shinshina. Wani lokaci ya ɗora ɗaya a harshe ya yi shiru kamar mai ɗanɗanon miya. Bayan wannan sai maganar girma, don hancin bindiga ba ɗaya ba ne, kowane maƙeri da hannunsa. Hula in ta yi yawa sai ta faɗi cikin ciyawa mutum bai sani ba. In ta yi kaɗan ba ta zama daidai, saran farko zaunar da ita kawai yake yi, sai a na biyu ta tashi, kuma a daji ba kowane lokaci ake ba mutum sara na biyu ba. Akwai manya masu kunnuwa huɗu, akwai ƙanana masu zane a jiki, ya san wadda ta dace da bindigar kowa ba tare da an kawo bindigar ba. Daga ƙarshe gwaji. Yana da wani guntun bindiga marar ƙota da ya ajiye don haka. Ya kifa hula babu albarushi, ya ajiye busasshen ganye a bakin, ya saki kunama. In ta ce tas, ganye ya yi tsalle, sai ya ce, "Wagga ta san aikinta." Kowane gwangwani kuma da ya buɗe, sai ya ware wasu ya zuba a wani ƙaramin ƙaho ya toshe da tsumma. Rabon daji yake kiransu. Ko nawa za ka ba shi ba ya sayar wa mai buga ta biki. Na maharba ne, waɗanda ransu ke rataye a kai.

Cikin maharban nan babu wanda ya kai Baba Arzika a wurinsa. Bagobirin Tibiri ne, dogo, siriri, zanen fuskarsa ya nutse cikin tamoji har sai ka matso kake ganinsa. Kowace ranar kasuwa yakan zo da ƙafa, ko zai saya ko ba zai saya ba, ya zauna bisa akwatin nan, su raba goro ɗaya da Babana, su yi ta gardama a kan abin da ya wuce shekara talatin. Shi ya raɗa mini suna, shi ya kawo zabbi huɗu ranar aurena. Bai taɓa barin wani ya zaɓar masa hula ba, ko Babana. Yakan ce, "Abokina, na yarda da kai bisa ɗiyata, amma ban yarda da kai bisa wagga ba." Su yi dariya. Ya zauna ya tsince guda goma sha biyu, ya ɗauki rabin yini yana yi, ni kuwa ina jin haushin yadda yake tare mana gaban tebur.

Sai zamani ya juya. Aka ce an yi babban taro a Yamai, kowa ya samu baki, partoci, wato jam'iyyu, suka fito kamar gwaza bayan ruwa. Kullum mota da lasifika tana zagaya gari, tutoci kala-kala bisa rumfuna, 'yan uwa suna daina gaisuwa saboda launin ƙyalle. Ma'aikata suka yi watanni ba albashi, yau 'yan lakwal, ɗaliban makaranta, na bisa titi, gobe malamansu, jibi ma'aikatan likita. Ana cikin haka muka wayi gari rediyo ya ce an karya darajar sefa, abin da ke aljihunka ya zama rabi kana barci. Duk kayan da ke zuwa daga bakin teku suka yi fiffike. Ga tawaye a arewa, ga masu tare hanya, sai jandarmomi suka shiga karɓe bindigogi a ƙauyuka, wanda ba shi da takarda ya binne tasa ko ya miƙa. A cikin wannan shekarar ne Babana ya faɗi a bakin masallaci bayan la'asar. Aka ɗauko shi gida a amalanke. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta zama wani gurnani da mahaifiyata kaɗai ke tsintar kalma ɗaya cikin goma. Hankalinsa kuwa garau, kunnensa ma haka. Tebur ya dawo hannuna, da akwati, da gida mai baki tara.

Hula ta asali ta daina zuwa. Abin da ya rage mana gwangwani ɗaya ne da ƙahon rabon daji. Wata ranar kasuwa wasu samari suka zo da mota, sun sha hula da riga iri ɗaya, suka ce ɗan takararsu zai shigo gari, suna son a tarbe shi da bindiga tun daga bakin gari har dandali. Suka kwashe gwangwanin. Babbansu ya hango ƙahon ya ce a haɗa da shi. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya ya ajiye abin da ban taɓa riƙewa a yini ɗaya ba, ni kuwa a ranar babu ko tiya ɗaya ta hatsi a gidanmu, matata na da tsohon ciki. Na zare tsumman na juye musu. Washegari da hantsi muna jin su daga gida, dum, dum, dum, babu wadda ta yi gardama. Babana na kwance a zaure yana saurare. Ya juyo da idonsa ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya san muryar hularsa.

Bayan kwana kaɗan wani dillali ya kawo sababbi daga ƙetaren iyaka. Gwangwanin iri ɗaya ne da na da, har hoton da ke bisa murfi, sai dai fentin ya fi sheƙi. Na girgiza, ƙarar ba ta yi mini ba, amma na ce wataƙila kunnena ne bai kai na Baba ba. Na kai su bayan rumfa na gwada goma. Takwas suka tashi lafiya. Ɗaya ta yi jinkiri, ta ce fuu kafin ta ce tas. Ɗaya ta yi shiru sai da na sake sara. Na bi layin 'yan koli kaf har Sabon Gari, kowa irin su ne gare shi, wasu ma tasu ta gida ce da ake yi da kan almeti. Da babu gara ba daɗi, na ce, na karɓa.

Ranar kasuwa ta gaba Baba Arzika ya zo da sauri, bai ko zauna ba. Ya ce 'yarsa da ke aure a Jiratawa ta aiko. Wani mahaukacin kare ya shiga fadamar, ya ciji jaki, ya ciji awaki biyu, ya bi wata mata har cikin hanyar ruwa. Manoma sun kwana uku ba sa shiga albasa da barkononsu sai a ƙungiya, mata sun daina zuwa tsinkar zogale. Duk garin babu mai bindiga, an karɓe. Shi ke da tsohuwar takarda tun zamanin soja.

Na zubo masa hula a faranti kamar yadda aka saba. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya sake kusantowa. Sai ya mayar.

"Ɗiyana," ya ce a hankali don kada maƙwabta su ji, "ido ya tahi. Tun bara hazo nika gani. Ubanka ya sani, shi ɗai. Kai za ka zaɓa min yau."

Mutumin da bai yarda da Babana ba ya ce in zaɓa masa. Har na ji na ƙara tsawo. Na juya baya ga rana kamar yadda Baba ke yi, na leƙa, na shinshina, na tsince goma sha biyu mafi kyau a ido.

Ya ce, "Ina rabon daji?"

Na ce, "Ya ƙare, Baba. Sababbi ne waɗanga."

"Ka gwada su?"

"Na gwada."

"Sun tashi?"

"Sun tashi."

Ban yi ƙarya ba, duk sun tashi daga ƙarshe. Shekaru na yi ina faɗa wa kaina haka. 'Yan kalmomi ne suka rage in ƙara, in ce amma biyu sun yi gardama, ka ɗauki mashi, ka sa wani ya tsaya kusa da kai da gatari. Maƙwabcina mai sayar da fitilu yana kallonmu, dattijo ya ɗora ni a mazaunin ubana, sai na ji kunyar in ce kayan teburinmu ba su da tabbas. Baba Arzika ya juye su a ɗan gwangwaninsa na taba, ya ce in gai da abokinsa, zai biyo ya duba shi in ya dawo, ya kawo masa albasa.

Washegari da azahar surukinsa ya zo kasuwa bisa keke, ƙafafunsa duk laka. Ya ce da sassafe suka fita, raɓa ta jiƙa komai. Sun sami karen kwance a gindin zogale. Baba Arzika ya ce kowa ya ja baya, ya matsa shi kaɗai har ya kusa, saboda idon nan da babu wanda ya san da shi a cikinsu. Karen ya taso. Ya ɗaga bindiga ya saki kunama, suka ji ƙyas, shi ke nan. Kafin ya sake ɗana ta karen ya hau shi. Ya cije shi a hannu, ya cije shi a haɓa. Tsohon ya shaƙe wuyansa suka faɗi tare cikin laka, bai sake shi ba har manoma suka iso da fartanya suka ƙarasa shi.

Na rufe tebur na bi shi. Na tarar an wanke ciwon da ruwan zafi da toka, an ɗaure da sassaƙe, yana zaune yana shan fura yana ba mutane labari suna dariya. Da ya ji muryata ya ce, "Ɗan abokina ne? Ka ga abin da tsuhwa ka yi. Kare ya ka da Arzika." Na ce mu tafi Maradi a yi masa allura. Ya ce shi da ya sha maganin daji tun kafin a haife ni. Sai da 'yarsa ta yi kuka, ta cire ɗankwali ta ajiye a gabansa, sannan ya yarda, bayan kwana biyu.

Abin da muka gani a neman allurar nan, ko maƙiyina ba na yi masa fata. Gidan likitan da muka fara zuwa ƙofa a rufe, ana yajin aiki, sai wani manjo guda, babban ma'aikacin jinya, da ya zo don tausayi yana duba masu haihuwa. Ya buɗe ciwon ya wanke da kyau, ya dubi na haɓar ya girgiza kai. Ya ja ni gefe ya ce, "Wanga na kusa da kai shi ne abin tsoro. Allurar ba ɗaya ba ce, jere ake yi, kuma da wuri. Mu rabonmu da ita an fi shekara." Ya rubuta mini sunanta a takarda. Na bi farmasi ɗaya bayan ɗaya, daga bakin kasuwa har unguwar Zariya. Wani ya ce ta ƙare tun da aka karya kuɗi. Wani ya ce yana da ita da, amma wuta ta ɗauke kwana uku, firigon sanyaya magani ya mutu, ya zubar. Wani ya ce sai Yamai, in an yi oda ta zo cikin sati biyu in Allah ya so, in masu motoci ba su shiga yajin ba su ma. Na je gidan wani babban Alhaji da Babana ya yi wa hidima da, na yini a zaure, aka ce ya yi tafiya. Matata ta ba ni 'yan kunnenta, surukin ya sayar da tunkiya, na hau mota zuwa Katsina. A can, bayan wahala, wani mai kanti ya shiga ciki ya fito da 'yan kwalabe biyu a leda. Na taɓa na ji su da ɗumi kamar an ciro daga aljihu. Na ce masa, "Masu kyau ne?" Ya ce, "Masu kyau ne." Na ce, "An gwada?" Ya ce, "Kowa su yake saye." Na dubi fuskarsa, saurayi ne kamar ni, ba mugu ba, kuma na san abin da ke bayan wannan amsar sarai. Na biya na ɗauko, don babu wasu. Manjon ya juya kwalbar a hannu, ya karanta, ya ce, "To, mu yi, Allah shi ne mai magani." Ranar kwana tara ke nan da cizon.

Ciwon ya warke sumul. Baba Arzika ya koma Tibiri, har ya zo ya duba Babana da albasar da ya yi alkawari. Suka zauna a zaure, ɗaya ba ya gani sosai, ɗaya ba ya magana, suka raba goro, shi kaɗai yana gardamar yana amsa wa kansa. Na fara sakin jiki. Matata ta haihu, aka yi suna, ya zo ya yi addu'a. Duk ranar Laraba nakan hau keke in je Tibiri da niyyar in faɗa masa. In tarar da shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana gyaran tarko, in gaishe shi, mu yi zancen damina, in dawo da maganata a ciki. Sau ɗaya na kai har bakin gaɓa. Na ce, "Baba, hular nan..." Ya ce, "Bari, ɗiyana. Raɓa ce. Ni da kaina na san ba a ɗura bindiga tun dare a hita da ita cikin raɓa. Ko hancin ya toshe, ban gani ba. Mi za a ce? Kwana ne." Na ce to. Ya buɗe mini ƙofa in fita, na kuwa fita, ina jin daɗi da ƙyamar kaina lokaci guda.

Wata biyu ba su cika ba, matarsa, Inna, ta aiko a kira ni. Na tarar da shi a ɗaki an rufe taga, wai haske da iska suna damunsa. Ya ce tabon haɓar ke masa ƙaiƙayi kamar tururuwa na tafiya ciki, kwana biyu bai runtsa ba. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ya ce, "Ba ni ruwa." Na ɗebo a moɗa. Yana ganin ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ture moɗar ta faɗi. Da abin ya lafa ya dube ni da idon nan mai hazo, hankalinsa cif, ya ce, "Na san shi. Na ga ya kama wani Bafillace a Baban Rafi ina saurayi. Ku kawo igiya tun ina da wayo. Kada a bar jikokina su shigo."

Na hau keke na koma wurin manjon. Ya ce in ya kai nan babu abin da ɗan Adam zai yi, ko a Yamai, ko a ƙasar Turawa. Ya ba ni ƙwayoyin sa barci, waɗanda ba su haɗiyu ba. Malamai suka yi rubutu, ba a iya sha ba, sai shafawa aka yi. Maharba abokansa suka zo da turare da saiwoyi, suka zauna a waje suka sunkuyar da kai. Ni da surukinsa muka ɗaure shi a gadon kara da hannunmu, yana nuna mana inda za mu ƙara tamkewa. Kwana huɗu muka yi. In abin ya taso, muryar da ke fita daga ɗakin ba tasa ba ce, Inna ta toshe kunne ta shige bayan rumbu. In ya sake shi sai ya yi salati, ya tambayi ko an ba akuya ruwa, ya nemi gafarar kowa. Ina jiƙa tsumma a ɓoye in goga masa a leɓe ta gefen da ba ya gani. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan, ni da na zaɓa masa hula. A rana ta huɗu, da hantsi, ya cika.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ta miƙo mini gwangwanin tabar. Ta ce, "Ya ce a maida maka, kada yara su yi wasa da su. Bindigar kuwa surukinshi ya kai ma jandarma, ba mai gadonta." Na buɗe, guda goma sha ɗaya. Wadda ta ƙi tashi tana can cikin lakar Jiratawa, babu wanda ya neme ta.

Na dawo gida bayan la'asar. Na ɗauko guntun bindigar gwaji na zauna a tsakar gida, daidai ƙofar zauren da Babana ke kwance. Na ajiye ganye. So nake in sani, ko da sanin zai kashe ni. Na kifa ta farko na saki, tas, ganye ya yi tsalle. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ina yi ina roƙon Allah, kuma ban san me nake roƙo ba, su tashi ko su ƙi. Har ta goma sha ɗaya babu wadda ta yi jinkiri, babu wadda ta nemi sara na biyu. Kaji sun watse, jaririyar ta farka tana tsala kuka, ni kuwa ina zaune cikin 'yan fasassun jan ƙarfe ban ƙaru da komai ba.

Na shiga zaure na durƙusa a gabansa. Na faɗa masa duka, rabon dajin da na sayar, goman da na gwada, biyun da suka yi gardama, tambaya ukun da aka yi mini da amsar da na bayar. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa, kuma har yau da nake wannan rubutu babu na biyu. Na ce, "Baba, ka ji su da kunnenka yanzu. Kai ka san muryarsu. Hula ce ko raɓa ce?"

Ya daɗe yana dubana. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu. Ya tattara ƙarfinsa duka, jijiyoyin wuyansa suka tashi, bakin ya motsa, wani sauti ya fito, gajere, gaɓa biyu ko uku. Ban gane ba. Na ce, "Baba, sake." Ya sake, iri ɗaya. Na kira mahaifiyata, ita da ke tsintar maganarsa, na ce ta saurara. Ya faɗa karo na uku, ya rufe ido don gajiya. Sai ta ce, "Wallahi wagga ban ji ta ba. Bar shi ya huta, ka tambaye shi gobe."

Na tambaye shi gobe, da jibi. Bai sake gwadawa ba, sai ya kama hannuna da hannunsa mai rai ya riƙe, ban san ko rarrashi ba ne ko tuhuma. Kafin kaka ta zo ya rasu. Akwatin na ba maƙeri ya yi abin da ya ga dama da shi, na ci gaba da allura da zare har ƙarfina ya ƙare. Yanzu na girmi Babana a shekarun da ya faɗi, na kusa kai Baba Arzika. Sautin nan yana nan cikin kunnena yadda ya fito, ban manta ko kaɗan daga cikinsa ba. Nakan maimaita shi a bakina in ina zaune ni kaɗai, in karkata leɓe kamar nasa ko zan kama shi. Wata rana sai in ji kamar cewa ya yi ba kai ba. Wata rana kuma, da kunnen nan guda, sai in ji kai ne.